Yanar da Ba Ta Nuna Ba

Dattawa biyu daga Kafinsoli suka shiga mota ɗaya zuwa asibitin ido a Katsina, kowa da ɗan jagora, kowa na cewa yana ce ta rufe masa ido. Na farko aka yi masa aiki, ya dawo yana gane fuskokin jikokinsa. Na biyu ko taɓa shi ba a yi ba, sai ɗan maganin ɗigawa aka ba shi. Gari ya ɗauka: ba shi da hanya ne, ko kuɗinsa ne bai kai ba.

A asibitin, abin ya fara warwarewa ne daga tocila. Da aka haska idon na farko, tsakiyarsa fari fat. Na biyu kuwa baƙi wuluk, garau, kamar na mai lafiya. To me ya hana shi gani?

Sai likita ta ce, "Baba, yaya abin ya faro?"

Shi bai taɓa ganin hazo ba. Shekaru yana karo da gefen ƙofa, akuya ta gifta ta gefensa bai sani ba, amma abin da ke gabansa tar yake gani. Zafi babu. Da ya kai kuka, sai aka ce masa ya jira yanar ta nuna. Ya jira. Mahaifinsa ma, in ji shi, da makanta ya rasu.

Aka auna ƙarfin ruwan idon, ya haura ƙima sosai. Aka leƙa jijiyar gani, ta riga ta ƙone. Hawan jinin ido ne, gilakoma. Yana ana cire ta a sa gilashi a ciki, gani ya dawo. Jijiya in ta mutu ta mutu, magani sauran da ya rage kawai yake tsarewa.

Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, yana ce ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta, gilakoma kusan kashi 17. Abin da ke ci mini rai shi ne, tocila da tambayar nan ba su fi ƙarfin ƙaramin asibitin Kafinsoli ko na Kusada ba, in an horar da ma'aikaci ya san wanda zai tura gaba da gaggawa.

Kafin su tashi, likita ta ce wa ɗan jagoran dattijo na biyu ya kawo mata ƙannen Baba da manyan 'ya'yansa duka a auna su.