Idon Na'urar CD Na Ƙarewa, Fayafayanmu Na Jibge

A watan Janairun 2025 kamfanin Sony ya ba da sanarwar cewa daga watan Fabrairu zai daina ƙera fayafayan Blu-ray na ɗaukar bayanai, da na MiniDisc, da kaset-kaset na MiniDV. Kafin a ce kwabo, labari ya karaɗe shafukan sada zumunta cewa an yi jana'izar faifai. Masu yaɗa zancen ba su tsaya sun karanta ba. Sanarwar ba ta ambaci faifan CD na kiɗa ba, kuma har gobe ana buga shi a Japan da Jamus da Amurka. A Amurkar ma cinikinsa ya ɗan ɗaga a 2021, karo na farko tun 2004. Abin da yake ƙarewa da gaske, wanda ba wanda ya yi masa kanun labari, shi ne ɗan abin nan da ke cikin na'ura yana karanta faifan, wanda masu gyara ke kira ido.

Yadda idon yake aiki ba dogon zance ba ne. Wani ɗan ƙwan leza ne yake harba hasken da idon mutum ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 780, hasken ya daki ƙananan ramukan da ke jere a jikin faifai ya dawo, na'ura ta mayar da shi sauti. Daga tsakiya ake fara karatu a nufi baki, faifan na juyawa kusan sau 500 a minti a farko, ya ragu zuwa kusan 200 a ƙarshe. Ƙwan lezar nan yana tsufa, haskensa ya dushe. Alamar farko ita ce na'ura ta riƙa ƙin faifan da aka kwafa a kwamfuta amma ta karɓi na kamfani, daga nan sai tsallake waƙa, daga nan sai ta ce babu faifai alhali ga shi a ciki.

Matsalar ita ce kamfanonin da sunansu ke goshin na'urorin nan, irin su Marantz da Revox da Arcam da Naim, ba su ne suke ƙera ido da injin juya faifai ba. Saye suke yi daga kamfanoni 'yan ƙalilan, musamman Philips da Sony da Sanyo. Da waɗannan suka juya wa harkar baya, sai aka bar masu na'urori da akwati mai tsada wanda ba ya gani.

A nan ne ya kamata a ɗan tsaya, domin akwai tarihin da aka yi watsi da shi. Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka haɗu suka tsara ƙa'idar CD a 1980, kuma na'urar farko da ta shiga kasuwa, Sony CDP-101, ta fito a Japan a watan Oktoban 1982. Amma kowa da hanyarsa ta ƙera ido. Sony ya ɗora nasa a kan sanda yana zarya a miƙe, yana raba hasken gida uku. Philips kuwa ya yi wani abu dabam: haske ƙwaya ɗaya, an ɗora idon a kan hannu mai lilo, maganaɗisu ne ke motsa shi, babu haƙoran roba da za su cinye. Waɗannan su ne CDM-0 da CDM-1, masu gindin ƙarfe mai nauyi, sai CDM-4 da CDM-9 da suka biyo baya. A garin Hasselt na ƙasar Beljiyam aka ƙera da yawa daga cikinsu, kuma akwai na'urorin shekarun 1980 masu wannan hannu da har yau suke kiɗa da idonsu na asali. Sai aka shiga shekarun 1990, gasar farashi ta yi zafi, Philips ya ajiye hannun lilo ya fito da CDM-12, mai sanda da haƙoran roba, wanda daga baya aka san shi da VAM1201 da VAM1202. Ya fi arha nesa ba kusa ba, ya kuma fi saurin mutuwa. Masana'antar Hasselt ita ma an rufe ta a farkon shekarun 2000. A ganina wannan ne lokacin da aka yanke shawara, ba tare da an tambayi mai saye ba, cewa na'urar sauti abin yarwa ce bayan 'yan shekaru. Abin haushin shi ne wanda aka yi don ya daɗe ba a samun sabonsa ko da kuɗi, wanda aka yi don ya lalace kuwa kwaikwayonsa ya cika kasuwa.

To, mai na'urar da ta makance ina zai dosa? Idan idon na'urarsa irin su Sony KSS-213C ne, ko Sanyo SF-P101N, ko VAM1202, zai samu na kwaikwayo daga Sin a farashi mai sauƙi, sai dai sa'a ce: wani ya yi shekaru, wani tun daga kwali a mace yake. Wani ma tsoho ne aka goge aka sa a sabuwar leda. Idan kuwa irin KSS-151A ne ko CDM-1, sai dai ragowar tsohon kaya da wani ya ɓoye, wanda kuɗinsa kan kai na na'urar gaba ɗaya, ko a sayo wata na'ura mai arha da ke da ido iri ɗaya a cire mata. Masu gyara a Turai sun daɗe suna yanka ƙananan Philips don su raya manyan Marantz.

Amma mai gyaran kirki ba ya fara zargin ido. Zai buɗe murfi ya goge gilashin da auduga da ɗan sifirit, a hankali, don a kan siraran wayoyi yake reto. Zai duba robar da ke jan tire ko ta saki, ya kankare tsohon giris da ya daskare a kan sanda, ya gwada kafasitocin da suka bushe. A CDM-4 sau da yawa wata 'yar kafasita guda ce ke hana leza samun wutar da take buƙata. In lallai sai an canza, akwai tarko biyu. SF-P101N iri biyu ne, mai ƙafa 15 da mai ƙafa 16, kuma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. Sannan sabon ido yakan zo da ɗigon dalma da aka haɗe wurare biyu da shi don kare lezar a hanya. In ba a narke shi an cire ba bayan an jona waya, na'ura ba za ta ga komai ba, sai mai gyara ya yi ta tsine wa mai kaya. Mafi munin ɗabi'a ita ce murɗa ɗan sukurun da ke ƙara wa leza wuta. Na'ura za ta yi kiɗa a gaban mai ita, ya biya ya tafi yana godiya, bayan 'yan makonni lezar ta ƙone ƙurmus. Wannan ba gyara ba ne, ha'inci ne, ko da mai yinsa bai sani ba.

Doka ma ba ta kawo agaji ba. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024, wadda ta tilasta wa kamfanoni gyaran kaya irin su injin wanki da firiji da wayar hannu. Na'urar CD ba ta cikin jerin. Ba wanda zai sake kunna injinan Hasselt.

Wani zai ce ina ruwanmu da damuwar masu kuɗin Turai da na'urorinsu? Ruwanmu babba ne. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a ciki a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne suke shigowa Najeriya a shekara, kusan rubu'insu ba sa aiki. Daga kasuwar Alaba ta Legas suke watsuwa har Sabon Gari a Kano. A cikin wannan tarkace akwai na'urorin da ake nema ruwa a jallo a ƙasashen da suka jefo mana su, mu kuma muna miƙa wa 'yan jari-bola su fasa da guduma su ciri tagulla.

Ga kuma abin da ya fi wannan ciwo. Shekara da shekaru, tun daga lokacin da kaset ya ja baya har zuwa zuwan memori da tura fim a waya, faifai ne rumbunmu. Finafinan Hausa da aka yi ta dillancinsu a Ƙofar Wambai, tafsirin malamai, waƙoƙin siyasa, bidiyon biki da na naɗin sarauta, duk a kan faifai suke. Da yawansu ba su hau intanet ba, waɗanda suka hau kuma an matse su har sun fita kamanninsu. Ina so in ji Ma'adanar Finafinai da Sauti ta Ƙasa da ke Jos, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da Gidan Arewa na Kaduna, da gidajen rediyon jihohi sun fito sun faɗa mana na'urori nawa masu ido lafiyayye suke da su, kuma fayafai nawa suka juye zuwa kwamfuta. Aikin ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi ko taron bita a otal. Kwamfuta mai karanta faifai ce, da ma'ajiyar bayanai biyu, da ma'aikaci mai haƙuri da zai rubuta sunan kowane abu da shekararsa. Kwalejojin fasaha kuma su koya wa yara auna lafiyar ido da na'urar osiloskop, a daina gyara da ka.

Kai ma mai karatu da ke da kwalin fayafayan mahaifinka a ƙarƙashin gado, kada ka jira hukuma. Ka fara da waɗanda aka kwafa a shago, masu launin kore-kore ko shuɗi a ƙasa, domin rini ne ke riƙe da bayanansu, kuma zafi da rana suna cin rinin nan. Waɗanda aka buga a masana'anta, masu fari kamar azurfa, za su iya ɗan jira, muddin ba a karce bayansu mai rubutu ba, don ta can ne bayanan suka fi kusa da waje.