Nauyin sanda da ƙarfin bugu

Ran kasuwar Madawa, ku je rumfar maƙera ku duba yadda manomi ya ke sayen gatari. Ba ya cewa a auna masa a kan sikeli. Sai ya kama ƙota, ya ɗaga, ya kaɗa sau biyu ko uku kamar zai sari icce. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Wani lokaci gatura biyu girmansu ɗaya, maƙeri ɗaya ya ƙera su, amma mutumin ya ce: «Wannan ya fi daɗin riƙo.» Me hannunsa ya ji wanda sikeli ba ya faɗi?

Ku gwada da kanku. Ku samo sanda miƙaƙƙiya mai tsawon metir 1, da dutsi kamar dunƙulen hannu, da igiyar kaba. Ku ɗaure dutsin a jikin sandar, santimetir 40 daga inda ku ke riƙo. Ku kaɗa ta hagu da dama. Yanzu ku kwance dutsin, ku mai da shi santimetir 80, ku sake kaɗawa. Sandar ta yi nauyi, ko ba haka ba? Ga ta da wuyar tayarwa, ga ta da wuyar tsayarwa. Amma in kun aza ta a kan sikeli, nauyinta yana nan yadda ya ke. Ba a ƙara kome ba, ba a rage kome ba. Wurin zaman dutsin kaɗai ya sake. Masana sun lissafa cewa in nisan dutsin daga hannu ya ninka sau 2, wuyar kaɗa shi ta kan ninka sau 4.

Ashe kowane abin bugu nauyi biyu gare shi. Akwai wanda sikeli ya ke faɗi, akwai wanda hannu ya ke ji. Na biyun shi manomin nan ya ke nema a rumfar maƙera.

In kuna so ku san inda nauyin abu ya taru, ku kwantar da shi a kan yatsa ɗaya, ku dinga matsawa har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba. Wannan wuri shi ne cibiyar nauyi. Ta sanda tana tsakiya. Ta gatari tana can kusa da ruwansa. Da gangan masassaƙi ya ke barin kan ƙota da kauri, wajen riƙo kuwa ya sirance shi.

To, mai nauyi ya fi bugu, ko marar nauyi?

Abu biyu ke ba bugu ƙarfi: nauyi da sauri. Amma ba daidai su ke ba. In nauyi ya ninka sau 2, sauri bai sake ba, ƙarfin bugu ya ninka sau 2. In sauri ne ya ninka sau 2, ƙarfin bugu ya ninka sau 4. In ya ninka sau 3, ƙarfin ya ninka sau 9. Ku tuna da majaujawar da ku ke korar tsuntsaye da ita a gonar hatsi. Tsakuwar ƴar ƙarama ce, amma saboda gudunta ba wanda ya ke so ta same shi. Wahalar ita ce, nauyi da sauri ba su cika zama wuri ɗaya ba. Duk abin da ka ƙara wa nauyi, ka rage wa hannunka sauri. Don haka kowane aiki da irin nauyin da ya dace da shi.

Taɓarya tana son nauyi. Mai daka ɗagawa ta ke yi, sa'an nan taɓaryar ta faɗo cikin turmi, nauyinta ya yi rabin aikin. Shi ya sa a ke sassaƙa ta da icce mai tauri da nauyi irin ƙirya. Taɓarya marar nauyi sai ta yi ta tsalle a kan hatsi, surfe bai yi ba. Amma wadda ta cika nauyi ita ma wahala ce. A ce nauyinta kilo 4, mace tana ɗaga ta sau 30 a minti ɗaya. Cikin minti 20 ta ɗaga sau 600, wato kilo 2400 ke nan in an tara. Ku lura da mata uku suna lugude a turmi ɗaya. In taɓaryar ɗayarsu ta fi ƙarfinta, nan da nan za ku ji kiɗan ya ɓaci.

Diga ma haka. A shekarar 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, tare da taimakon ƙasar Italiya. Mutanen ƙauyuka, yawancinsu mata, suka haƙa ramuka a kan tuddai masu duwatsu, suka jera duwatsu don tare ruwan sama, aka dasa miliyoyin itatuwa. A irin wannan faƙo hauya ba ta shiga, sai diga, wadda ruwanta kaɗai ya kan kai kilo 2 ko fiye. Amma ba mai zuwa noman jigawa da diga. Ƙasa mai yashi ba ta gardama, hauya marar nauyi ta ishe ta, a wuni ana aiki da ita.

Akwai wani wasa inda a ke auna wannan magana har da garam. Sunansa kurket. A Ingila aka fara shi, ya bazu zuwa Indiya, Pakistan, Ostareliya da Afirka ta Kudu. Maƙwabtanmu na Nijeriya ma suna yin sa: a 2025 ƴan matansu ƴan ƙasa da shekara 19 sun ci Niyuzilan a gasar duniya. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya tare shi da sanda, ya buge shi nesa. Ƙwallon an rufe shi da fata, yana da tauri kamar goriba, nauyinsa garam 156 zuwa 163. Tsakanin mai jifa da mai bugu kamar metir 20 ne. Gwanin jifa yana iya sako shi da gudun kilometir 140 a awa ɗaya. Ku lissafa: rabin daƙiƙa kaɗai mai bugu ya ke da shi, ya ga ƙwallo, ya yanke shawara, ya kai sanda wurin.

Sandar ba irin ta makiyayi ba ce. Ta yi kama da babbar muciya. Fuskarta shimfiɗaɗɗiya ce, bayanta kuwa yana da doro. Da wani icce a ke yin ta mai suna wilo, wanda ya ke fitowa a wurare masu damshi a Ingila da Kashmir. Iccen ba shi da nauyi, kuma ba ya saurin tsagewa. Ƙotar kuwa da wani irin kara mai lanƙwasa a ke yin ta, a sa roba a tsakani don kada bugu ya girgiza hannu. Dokar wasan ta ce tsawon sanda kada ya wuce santimetir 96,5, faɗinta kada ya wuce santimetir 10,8. Amma ba ta ce kome ba a kan nauyi. Wannan an bar wa mai riƙo. Yawancin sandunan manya suna tsakanin garam 1100 da 1400.

Abin dariya, ɗan wasan kurket in ya shiga kanti, abin da manominmu ya yi shi ma ya ke yi. Ya ɗaga sanda, ya kaɗa, ya ajiye, ya ɗauki wata. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ya kan tarar da mai garam 1250 wadda ta fi mai garam 1200 sauƙin ɗagawa. Masassaƙin ne ya matso da doron kusa da hannu, ya fere icce daga ƙasa. In doron yana can ƙasa, sandar ta fi ƙarfin bugu amma ta fi wuyar juyawa, kamar dutsinku a santimetir 80. A filayen da ƙwallo ba ya tashi sosai in ya bugi ƙasa, kamar yawancin na Indiya, an fi son doro a ƙasa. A Ostareliya, inda ƙasa ke da tauri ƙwallo yana tashi har ƙirji, an fi son sa a sama.

Sanda mai nauyi tana tura ƙwallo nesa, ko da bugun bai zauna daidai ba. Amma amfanin nan yana da iyaka. Sanda mai garam 1200 ta riga ta ninka ƙwallo sau 7 da rabi. In an ƙara mata garam 200, abin da gudun ƙwallo zai ƙaru kaɗan ne, hannu kuwa zai ji ƙarin ƙwarai. Mai bugu ya kan tsaya awa 3 ko 4 a rana. Da wuyan hannu ya gaji, sai sanda ta fara makara. Wanda ya makara kuwa, ƙarfinsa bai amfane shi ba, ƙwallo ya wuce.

Manyan gwanaye ma ba su yarda a kan nauyi ɗaya ba. Don Bradman na Ostareliya, wanda ya yi zamani daga 1928 zuwa 1948, sandarsa ba ta fi kilo 1 da kaɗan ba, sauri da dabara ya dogara gare su. Sachin Tendulkar na Indiya, wanda ya bar wasa a 2013, gajere ne, amma sandarsa ta kusa kilo 1 da rabi. Ko da ya yi ciwon gwiwar hannu a 2004, aka ba shi shawara ya koma marar nauyi, bai ji daɗinta ba, don hannunsa ya saba tun yana yaro. Daga baya masu sassaƙa suka gano yadda za su busar da icce sosai, su yi sanda mai kauri ƙwarai amma marar nauyi. Masu bugu suka fi ƙarfin masu jifa. A 2017 aka sa doka: kaurin sanda kada ya wuce santimetir 6,7, gefenta kuma santimetir 4.

Saura abu ɗaya da hannu ya ke ji. Ku ɗauki sanda mai santimetir 90, kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa. Ku riƙe ta a ƙarshe, ku bugi turke a hankali. Ku fara da wurin da ke kusa da hannu: tafinku zai yi zafi. Ku buga da can bakinta: za ta fizge ku. Ku buga da wajen santimetir 60 daga hannu: ba za ku ji kome ba, ƙarar ma dabam ce. Mu kira wannan wuri cibiyar bugu. Ba ɗaya ta ke da cibiyar nauyi ba, ta fi ta nisa daga hannu. A sandar kurket tana kamar santimetir 15 daga ƙasa, daidai inda doro ya fi kauri. A gatari tana wajen ruwansa. Shi ya sa in mai faskare ya kuskure, ƙota ta bugi icce, hannunsa ya kan yi tsami, wani lokaci ma ƙotar ta karye.

A ƙasashen da a ke kurket, yara ƙananan sanduna a ke yi musu, kowa daidai tsayinsa. Yaron da aka ba sandar babba ba zai koyi bugu mai kyau ba, jan ta kawai zai yi. Mu ma da mun yi haka da kayan gona da ya fi. Sau da yawa a kan miƙa wa ɗan shekara 10 galmar ubansa, ya kasa, a ce rago ne. Ba ragwanci ba ne, galmar ce ba tasa ba. Iyaye mata sun daɗe da gane wannan, don yarinya da ƴar ƙaramar taɓarya ta ke fara koyon daka.

Tambayoyi

1. Don me manomi ba ya auna gatari a kan sikeli kafin ya saya?
2. In saurin sanda ya ninka sau 4, sau nawa ƙarfin bugu zai ninka?
3. Sanda mai santimetir 120, kaurinta ɗaya, an riƙe ta a ƙarshe. A santimetir nawa daga hannu cibiyar bugunta ta ke?
4. Ku samo sanduna 3, siririya, matsakaiciya da mai kauri. Kowa ya bugi ƙodagon goriba da su sau 5, a auna nisan da taki, a rubuta a allo. Wace sanda ta kai nesa a hannun babban cikinku? A hannun ƙaramin fa?