Famfo, faci da sifana: Guzirin da ke ceton masu keke a hanyoyin Ruwan Gizo

Tun da asuba ake ganin kekuna a hanyoyin da suka fita daga Ruwan Gizo a ƙaramar hukumar Talata Mafara ta jihar Zamfara. Wasu gonakin rani na madatsar ruwan Bakolori suka nufa, wadda aka kammala a 1978 kuma take shayar da filaye a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wasu kuma kasuwa za su, musamman ranar Talata da kasuwar Mafara ke ci.

Keke ya sake samun daraja tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kuɗin hawa babur ya fi ƙarfin talaka. Sai dai shi ma keken yana da nasa sharaɗin: duk wanda ya hau shi ya yi nisa ba kayan gyara, to ya shirya wa tafiyar ƙasa.

Babbar abokiyar gabar taya a wannan yanki ita ce ƙaya. Tsidau na shimfiɗe a gefen hanya, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, kuma guda ɗaya ta isa ta sace iskar taya. A cikin gari mai faci ba ya wuyar samu, amma tsakanin ƙauye da ƙauye mutum na iya tura keke da buhun albasa a kariya na tsawon sa'o'i.

A yankin da ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, wannan jinkiri ya wuce batun gajiya. Kowa na ƙoƙarin shiga gari kafin magariba. Jama'a ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, ta yadda wanda ya lalace a hanya ba shi da halin kiran ɗan'uwa.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa, ƙaramar jaka a ƙarƙashin sirdi ta ishe su: famfo, tiyub sabo guda ɗaya, faci da gam, guntun sanfefa, ƙarafa biyu na ɓamɓare taya, sifana mai daidai da notin ƙafa, filaya, sukuddireba da robar bawul. A ƙara da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tiyub, domin tana ɗaure kaya, tana kuma riƙe abin da ya karye har a iso gari.

Idan taya ta sace, a ciro tiyub a ba shi iska, a nemo hujin da kunne ko da ɗan ruwa. A goge wurin da sanfefa, a shafa gam siriri, a jira ya sha iska kafin a manna faci. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar mannawa, da kuma mantawa da shafa cikin taya da yatsa don zare ƙayar, wadda za ta sake huda tiyub nan take. Zafin bazara kuma na busar da gam da aka riga aka buɗe, don haka a riƙa duba shi kafin fita.

Dogaro da kai a kan keke tsohon abu ne. A gasar Tour de France ta 1913, ƙarfen gaban keken Eugène Christophe ya karye a gangaren dutsen Tourmalet. Ya saɓa keken ya taka zuwa wata maƙera a ƙauye, ya gyara da hannunsa kamar yadda dokar gasar ta tanada, amma duk da haka aka hukunta shi saboda wani yaro ya yi masa zuga.

Manomin Ruwan Gizo ba gasa yake yi ba, kuma babu alƙalin da zai hana wani ya taimaka masa. Matsalar ita ce mai taimakon ba kullum yake wucewa ba. Kafin a fita, a matsa taya da yatsa, a gwada birki, a ɗiga wa sarƙa mai, sannan a tabbatar jakar na wurinta.