Ciniki Ƙofa Yake Bi

Ka ɗauki Najeriya kamar babban gidan gandu mai sassa barkatai. Idan maigida ya garƙame ƙofa, ya ce kowa ya sayi na gida, to a tsakar gida ciniki zai tsaya. Mai ƙosai sai ta girka kaskonta inda yara suka fi taruwa, mai ƙuli-ƙuli ta raɓa kusa da ita. Haka aka yi a da can: an tsaurara shigo da atamfa, masaƙu suka cika Kaduna da Kano, audugar Funtuwa ba ta rasa mai saye.

A 1986 gwamnatin Babangida ta fara zare sakata, ta kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. To ai ka san halin mai ƙosai. Da ta ga jama'a na kai-komo a zaure, wa zai riƙe ta a ƙuryar gida? Ta ɗauki kasko ta koma bakin ƙofa, inda mai ke zuwa da araha, masu saye kuma ba sai an kira su ba. Babbar ƙofar gidan nan kuwa Legas ce, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Masaƙun Kaduna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin.

Amma gidan yana da ƙofar baya, wato Jibiya, wadda ta buɗe zuwa Maraɗi. Batsari ɗakinta na jikin wannan ƙofa, Safana na biye da ita. Idan ƙofar na buɗe, hatsi da rogo su fita, dabbobi su shigo, direba da ɗan dako su samu na cefane. Da aka rufe ta a 2019, ba a buɗe ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Duk lokacin da sakata ta faɗa, ɗakunan kusa ne ke fara jin yunwa.

Sai dai kusanci da ƙofa kaɗai ba ya kawo ciniki. Wace mai ƙosai za ta zauna a zauren da ɓarayi ke kwana a bayansa? Muddin 'yan bindigar dajin Rugu na tare hanya, fatake za su riƙa kewayewa. Hukuma ta tsare hanyoyin Batsari da Safana tukuna, sannan buɗe iyaka zai amfani talakansu.