Wake Mai Yaɗo da Baƙin da Yake Ciyarwa

Garin Yagwa, hedikwatar gundumar Mayo-Danay a arewacin Kamaru, ya yi suna da shinkafar kamfanin SEMRY da ake nomawa a fadamun kogin Logon tun 1971. Amma wake ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Wurinsa jigawa ne, kuma Yagwa na da ita: wani dogon tudun rairayi da ya miƙe daga Limani zuwa Yagwa, tsohuwar gaɓar Tafkin Cadi a zamanin da yake da faɗi. A kan irin wannan tudu manoman ƙabilar Masa ke shuka wake a tsakanin jar dawa.

Wake ɗan ƙasa ne, a Afirka aka fara noma shi, kuma danginsa na daji, waken gizo, yana nan yana hawa ciyayi a bakin gona. Shukarsa ba wuya: ƙwaya biyu ko uku a rami bayan ruwa ya zauna, a Yuni ko Yuli, sai noma sau biyu kafin yaɗo ya rufe ƙasa. Ba ya neman taki da yawa, domin ƙananan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsa suna ɗauko naitirojin daga iska su ajiye wa ƙasa.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne furen. Da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Wake yakan yi wa kansa barbara, amma manyan baƙaƙen ƙudajen nan masu huda itace suna da nauyin da za su danna furen ya buɗe, su kwashi zaƙi, su kai garin fure daga wannan tushe zuwa wancan, har ma tsakanin na gida da na daji. Ban da furen, akwai wasu ƙananan kafofi a sandar da ke ɗauke da shi masu tsatso ruwa mai zaƙi. Nan tururuwa da zanzaro ke taruwa, kuma su ne ke farautar tsutsar da ke huda kwanso. Ladan gadi ke nan wake ke biya. A ƙarƙashin yaɗon, inda ƙasa ke da sanyi, fakara da zabon daji suna samun mafaka da tsintar ƙwari, zomo kuma ya ci ganye.

Matsalar ita ce feshi. Tsutsar kwanso tana ɓarna sosai, manomi bai yi laifi ba idan ya ɗauko famfo. Laifin yana ga lokaci: feshin safiya yana tarar da fure a buɗe, ya kashe mai taimako tare da maɓarnaci. Idan aka bari sai la'asar sakaliya, furen ya rufe, ƙudajen sun tafi. Haka kuma idan an zo roro, a bar waken gizon da ke kan iyakar gona ya fashe da kansa, kada a haɗa shi da harawa.