Jiki Magayi: Mutuwar Jijiyoyin Ƙafa da Gyambon Ciwon Sukari

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce "jiki magayi", domin zafi shi ne ɗan aiken da ke sanar da mutum cewa ya ji rauni. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ciwon sukari ke rufe bakin wannan magayi, har ƙaramin rauni ya kai ga yanke ƙafa.

2.0 Jijiya Iri Biyu

Kalmar "jijiya" a Hausa ta ƙunshi abu biyu, wato jijiyar jini da kuma wadda ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa. Idan sukari ya daɗe yana yawa a cikin jini, yakan lalata duka biyun. Jijiyoyin ji mafi tsawo su ke fara taɓuwa, shi ya sa matsalar kan faro daga yatsun ƙafa. Da farko majiyyaci kan ji ƙuna ko tsikari, musamman da dare, daga bisani ƙafar ta daina jin komai.

3.0 Daga Rauni Zuwa Gyambo

A wannan hali mutum na iya taka ƙusa, ko ya ƙone wajen jin ɗumi, ko mai yankan farce ya yanke shi, ba tare da ya sani ba. Kaushi da fason hunturu ma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Da yake jini ba ya isa wurin sosai, sai raunin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Wasu kan ɗauka jifa ne ko sammu, su tsaya ga shafe-shafe har naman ya ruɓe.

Binciken da aka gudanar daga 2016 zuwa 2017 a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da na Kano da Zariya da Keffi mai maƙwabtaka da Abuja, ya bi majiyyata 336 masu irin wannan gyambo. Fiye da kashi 35 cikin ɗari an yanke musu ƙafa ko wani sashe nata, kimanin kashi 20 kuma sun rasu.

4.0 Kammalawa

A yankin Abuja akwai likitocin ciwon sukari a Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Gwajin jin ƙafa mai sauƙi ne: akan dangwala wa tafin wani siririn zaren roba, a tambayi majiyyaci ko ya ji. Sauran aikin kuwa a gida yake: kiyaye sukari, da barin yawo ba takalmi, da duba ƙafa kullum. Mai alwala yana da damar duba tasa sau biyar a rana, ya kuma tsane tsakanin yatsu. Duk raunin da ya gani, ko da ba ya zafi, ya garzaya da shi asibiti.