Ranar da famfon injin wankinmu ya tsaya a Tamale

Albasa nake kawowa kasuwar Aboabo, amma abin da ke riƙe da tukunyar gidana idan kasuwa ta yi sanyi shi ne ɗan wurin wankin mota da na buɗe wa ƙanena a Lamashegu. Babura, keke mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo, da motocin haya, duk suna zuwa, musamman da hunturu lokacin da jar ƙura ke rufe komai. Daga nan kuɗin makarantar yara uku ke fitowa.

Wata Asabar ƙanena ya kira ni: "Yaya, injin yana tashi lafiya, amma ruwan ba ƙarfi, tiyo sai karkarwa yake." Da na isa na duba ɗan gilashin da ake ganin man famfo, sai na ga man ya koma fari kamar koko da madara. Gabana ya faɗi, don na san ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Mutane da yawa ba sa bambance injin da famfo. Injin fetur ɗin juyawa kawai yake yi. Famfon da ke manne da shi ne ke matsa ruwa. Namu irin mai fistin uku ne na tangaran, da kai na tagulla, da bawul shida, uku na shigar ruwa uku na fita, sai robobin da ke hana ruwa haɗuwa da mai. Akwai kuma bawul ɗin da ke mayar da ruwa baya idan an saki bindiga.

Bakanikenmu, wanda ya koyi aiki a Suame Magazine ta Kumasi, ya kwance kan famfon a gabana. Robobi sun cinye, bawul biyu cike da yashi, fistin ɗaya ya tsage. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wane ruwa kuke ba shi?" Na ce, "Masta, wanda muka samu mana."

Gaskiyar magana ke nan. Ruwan famfon Tamale daga kogin White Volta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, kuma da rani ba kullum yake isa unguwanni ba. Idan tankinmu ya ƙafe, ruwan dam muke saye a tanka, mai laka da yashi. Ga shi yaran sun cire 'yar matatar bakin tiyo, wai tana rage gudun ruwa. Sannan idan tanki ya kusa ƙarewa famfo yana zuƙar iska, wadda ke cin bawul da robobi. Laifi na uku namu ne ƙarara: su ajiye bindiga, injin na ta aiki, su tafi karɓar kuɗi ko amsa waya. Ruwan da ke zagayawa cikin famfo ya yi zafi, ana danna bindiga ruwan sanyi ya shigo, tangaran ya tsage.

To, gyara ko sabo? Masta ya ce in dai kan tagullar bai fashe ba, kuma ƙarfen da ke juya fistin bai ci ba, gyara ya fi. Amma ƙananan famfunan nan masu arha da ake yi don wankin gida, da wuya su biya kuɗin gyaransu, gara a sauya. Uwargida ta so mu sayi sabon inji gaba ɗaya mu huta, har ta ce za ta ba da kuɗin adashinta. Ban yarda ba. Injin lafiyarsa lau, me zai sa a jefar da shi?

Na ɗan yi cigiyar sabon famfo duk da haka, kuma a nan na koyi cewa ba kowanne ne ke hawa kowane inji ba. Sai kaurin sandar injin ya dace (namu kashi uku cikin huɗu na inci ne), ramukan kusoshi su yi daidai, kuma ƙarfin injin ya iya jan sa. Na Italiya irin su Annovi Reverberi da Interpump suna da suna, amma kwaikwayonsu ya cika kasuwa, kuma ni ba na iya bambancewa da ido.

Muka yi odar robobi, bawul da fistin daga Kumasi, aka saka wa direban mota. Kwana huɗu wurin a rufe, ƙanena na wanke babura da bokiti don kada kwastomomi su gudu. Duka kuɗin bai kai rabin na sabon famfo ba.

Yanzu ruwan tanka sai ya kwana a durom ya kwanta kafin ya shiga tanki, matata ta koma wurinta, kuma na ɗaga bakin tiyon sama da gindin tanki. Masta ya ce a sauya man famfon bayan awa 50 na farko, don haka na rataye littafi a jikin bango, ƙanena na rubuta awannin aiki kowace yamma. Jiya na duba, ya kai 31.